Mota mai ƙarfin doki 300 da ta kasa iya tafiyar sannu

Idan hanya ta buɗe, ba ni da abin faɗa a kan motar nan sai yabo. Ƙirar Jamus ce mai ƙofa huɗu, injinta lita 2 ne mai turbo, ƙarfinsa ya kusa doki 300, giyarta kuma otomatik ce mai hawa 6, irin wadda ake kira mai kuloci biyu. Na saye ta bayan wani ya riga ya yi amfani da ita a Turai, kamar yadda yawancinmu muke yi. A kan titin Kano zuwa Zariya, idan na tashi wuce tirela, kafin direban ya ankara na riga na bar shi a baya, giya tana sauka tana hawa ba tare da na ji ko ɗan tsaiko ba. Wanda ya tuƙa ta a can kaɗai zai iya rantsewa cewa ba ta da aibi. Aibin nata yana ƙasa da gudun kilomita 20 a awa, wato daidai inda mazaunin birni yake ƙarar da mafi yawan zamansa a cikin mota.

Abin da take yi kashi biyu ne. Idan ina tsaye a danja aka ba mu hannu, na ɗage ƙafa daga birki na ɗora a kan totur, sai ta yi jim kamar ba ta ji ba, sa'annan ta zabura gaba ɗaya har ƙeyata ta bugi kujera. Na biyu ya fi muni, kuma a shataletale yake faruwa: ina rage gudu ba tare da na tsaya cak ba, na ga sarari na taka, sai ta yi kusan daƙiƙa guda tana shawara, motar da nake neman riga ta matso, na ƙara takawa don tsoro, a nan ne za ta fizga da dukkan ƙarfinta zuwa bayan adaidaita sahun da ke gabana. Daga nan sai birki da ƙarfi, sai kuma a sake daga farko. Halinta halin dokin sukuwa ne da aka riƙe wa linzami a tsakiyar kasuwa.

Na daɗe ina haƙuri da wannan, har ranar da aka kai amaryar wani ƙanina. Saboda motata ce ta fi ɗaukar ido a gidan, dangi suka yanke cewa ita za ta ɗauki amarya, ni kuma ban yi musu ba, don a gaskiya abin ya yi mini daɗi. Aka saka amarya a baya tsakanin gwaggonmu da wata ƙawarta, muka tashi bayan sallar isha'i, a watan Afrilu, lokacin da ko dare bai isa ya sanyaya Kano ba. Duk wanda ya taɓa shiga ayarin kai amarya ya san tafiyarsa: a matsa taku goma a tsaya, wani ya sha gaba, wani ya tsaya jiran waɗanda aka bari a baya, samari a kan babura suna ratsawa ta kowane gefe. Tun kafin mu fita daga unguwa motar ta fara halinta. Kowace tashi sai kawunan na baya sun yi baya, kowace tsayawa sai an ji wani ƙwas daga ƙasa yayin da take komawa giya ta ɗaya. Gwaggo ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'annan ta ce, "Kai ɗan nan, mu ka tsana ko amaryar?" Na ce, "Gwaggo ki yi haƙuri, wallahi motar ce." Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin motar da ke tuƙa kanta ba.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. A kan hawan wata gadar sama cunkoso ya riƙe mu, muna matsawa kaɗan-kaɗan a kan gangare, sai motar ta fara karkarwa duk lokacin da na saki birki, can kuma saƙo ya fito a allon gabana cewa giya ta yi zafi, in tsaya. Na lallaɓa na sauka gadar na raɓe a gefen titi, ayari gaba ɗaya ya tsaya a bayana, mutane suka firfito suna tambayar ko lafiya. Aka fito da amarya lulluɓe a bakin titi aka mayar da ita wata tsohuwar mota ta wani maƙwabcinmu, wadda kuɗinta bai kai rabin na tawa ba, ita kuwa ta ja su salin-alin har ƙofar gidan ango. Ni aka bari a wurin ina jiran man giyar ya huce. Har yau idan an taru a gida sai wani ya tayar da zancen, kuma ba na jin zan taɓa yafe wa motar nan wannan daren.

Garejin farko da na je, ko na'ura ba su jona mata ba, mai wurin ya zagaya da ita sau ɗaya ya ce, "Alhaji, ƙwaƙwalwar giyar ce ta tafi, sai an sa wata." Kuɗin da ya ambata ya isa mutum ya sayi ƙaramar mota. Na yi masa godiya na tafi. Bakaniken da ya taimake ni wani matashi ne mai aiki da kwamfuta, wanda kafin ya taɓa komai ya zaunar da ni ya bayyana mini abin da nake tuƙawa, kuma bayaninsa ya fi gyaran amfani a wurina.

Otomatik ɗin da muka saba da ita tana da wani tulu cike da mai tsakanin inji da giya, man ne yake ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa, saboda haka duk wata fizga a cikinsa take narkewa, kuma mota tana iya yini tana rarrafe babu abin da zai ci. Mai kuloci biyu ba ta da wannan tulun. A cikinta giyar hannu ce guda biyu a akwati ɗaya, kuloci ɗaya yana riƙe da giya ta 1 da ta 3 da ta 5, ɗayan yana riƙe da ta 2 da ta 4 da ta 6, kwamfuta ce take taka su tana saki a madadin ƙafar direba. Yayin da kake cikin ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira, shi ya sa canjin yake da sauri haka a kan babbar hanya. To amma kwamfutar hasashe take yi. Idan kana rage gudu tana tsammanin tsayawa za ka yi, kai kuma ka taka totur, ko kana ƙara gudu ta shirya giya ta sama kai kuma ka nemi ta ƙasa, dole ta warware shirin da ta yi ta sake wani, kuma wannan ne jinkirin da nake ji a shataletale. A cikin jinkirin nan ƙafata ta ƙara nutsewa, turbo da yake barci a ƙananan juyin inji ya farka, sai kuloci ya kama a daidai lokacin da ƙarfi ya zo gaba ɗaya. Rarrafen cunkoso kuwa, da rabin kuloci take yinsa, yana gogawa yana zafi, musamman a kan hawa. Ba abin mamaki ba ne, domin dabarar ta fara nuna kanta ne a filin tsere, a motocin Porsche na shekarun 1980, kafin ta shigo motocin kasuwa a 2003, kuma a filin tsere babu mai rarrafe.

Duk da haka ya ce tawa ta wuce yadda ya kamata, kuma ya nuna mini dalili. Kulocin motata a cikin mai yake aiki, littafinta kuma ya ce a canja man da matatarsa duk bayan kilomita 60,000. Wanda ya sayar mini ya tabbatar mini an canja, amma abin da ya zubo baƙi ne wuluk mai warin ƙuna. Aka zuba sabo lita biyar da ɗoriya, na ainihin irin wanda aka rubuta mata, domin man otomatik na gama-gari ba ya yi mata. Aka duba ƙasa aka tarar robar da ke riƙe inji da giya don kada su yi gaba da baya ta tsage, wato duk lokacin da kuloci ya kama sai injin gaba ɗaya ya yi tsalle kafin ƙarfin ya kai ga taya, ita ce ƙwas ɗin da gwaggo take ji. Ya canja fulogi. A ƙarshe, bayan mai ya yi ɗumi, ya sa na taka birki ina tsaye, ya umarci kwamfutar ta sake koyon inda kowane kuloci yake fara kamawa, muna jin giyar tana ƙwanƙwasa kanta, sa'annan muka fita muka bi da ita giya-giya a hankali.

Canjin da na gani ya ba ni mamaki ƙwarai. Karkarwar ta tafi, ƙarar komawa giya ta ɗaya ta tafi, tashi daga danja ya zama abin da mutum zai iya yi da kofin shayi a hannun na kusa da shi. A makonnin farko har na fara gaya wa abokai cewa motar ba ta da laifi, rashin kulawar masu ita na baya ne, kuma da a lokacin na rubuta wannan sharhi da yabo zalla za a karanta.

Amma jinkirin shataletale yana nan, ya ragu ne kawai, kuma bakaniken bai ɓoye mini ba cewa wannan ba ciwo ba ne balle a yi maganinsa, haka aka ƙera ta. Abin da ya rage shi ne in sauya tuƙina. In saki birki gaba ɗaya, in ba ta ɗan lokaci kuloci ya kama har ta fara motsi da kanta, sa'annan in taka totur a hankali, diddigena a kafe a ƙasa. Kada in riƙa jan ta da rabin birki. Kada in riƙe ta da totur a kan hawa, in bar maɓallin da ke riƙe birki ya yi aikinsa. In kashe tsarin da ke kashe inji a kowace tsayawa, domin tashin inji da kamun kuloci a lokaci guda fizga ce tabbas. In manta da harafin S na giyar, wato yanayin tuƙin gudu, a cikin gari, tun da ba ya yin komai a wurin sai ƙara wa totur saurin fushi. Duk waɗannan suna aiki, kuma wadda ta fi aiki ita ce mayar da giyar hannu in riƙe ta a ta biyu da kaina idan zan shiga shataletale, don kada ta sami abin yin hasashe a kai.

A nan ne raina yake sake ɓaci. Na biya kuɗin otomatik ne don in huta da tunanin giya, ga shi yanzu ina tunaninta fiye da lokacin da nake jan motar hannu, wadda aƙalla kulocinta a ƙarƙashin ƙafata yake, ni nake sanin lokacin da zai kama. Babbar shawarar kuma, wato a bar tazara a cunkoso sa'annan a tafi a tashi ɗaya maimakon rarrafe, shawara ce ta wanda bai taɓa bin titin Murtala Muhammad da yamma ba. Tazarar da ka bari ba taka ba ce, kafin ka ɗaga ƙafa adaidaita sahu biyu sun cike ta, na bayanka kuma ya ɗora hannu a kan ham. Ga zafin gari da ke sa mai saurin gajiya, ga murfin tankinta da ke neman fetur mai lamba 98 alhali galibin gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa babu zaɓi. Wani aboki ya kawo mini ƙaramar na'urar nan da ake jonawa a totur don tausasa shi, na gwada na mayar masa, domin saƙon ƙafa kawai take ragewa, ba ta da iko a kan shawarar da giya take yankewa.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga manyan motocin gudu suna komawa otomatik mai tulun mai. BMW ya saka giyar kamfanin ZF mai hawa 8 a motarsa M5 da ya fito da ita a 2017, ya kuma yi haka a M3 a 2020, alhali waɗanda suka gabace su kuloci biyu ne da su. Na shiga motar wani abokin aiki mai irin wannan giya cikin cunkoson Mararaba zuwa Nyanya, tana rarrafe lafiya lau, kuma da hanya ta buɗe ban ga wani jinkirin da mai tuƙi a titin gwamnati zai iya lura da shi ba.

Wanda duk yake son sayen irin tawa, kada ya yarda dillali ya kai shi titi mai faɗi don gwaji, domin a can kowace irinta gwana ce. Ya bari ta yi zafi sosai tukuna, ya shiga da ita layin unguwa mai kwalta mai tudun rage gudu, ya rage zuwa tafiyar ƙafa ya sake takawa sau da yawa, ya tsaya a kan hawa ya saki birki, ya kuma gwada ribas a kan gangare, wanda har yanzu tawa ba ta yinsa sai da ɗan tsalle. Ya nemi shaidar canjin man giya a rubuce, idan babu ya cire kuɗinsa daga farashi tun a wurin ciniki. Ni dai yanzu tafiyar Kaduna da Abuja nake ajiye wa tawa, zirga-zirgar cikin gari kuma na koma ƙaramar motar maiɗakina, kuma na riga na sanar a gida cewa bikin da ke tafe a nemi wata motar amarya.