Bod kawai na je canjawa a Wunti

Kwamfutar shagona a unguwar Gwallameji, Bauchi, irin 'yan Beljiyam ɗin nan ce na ofis, baƙa, siririya, wadda ake kwantarwa a ɗora allo a kanta. Shekara shida ina cin abinci da ita: furojet ɗin ɗaliban Poli, katin biki a CorelDRAW, hoton fasfo. Furosesarta, wato abin da ke yi mata lissafi, Core i5 ce ƙarni na 4, ko tari ba ta taɓa yi mini ba. Abin da ya taso ni shi ne Windows 10 da aka daina tallafa wa ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman furosesa daga ƙarni na 8 zuwa sama, da wani ɗan abin tsaro a ciki da ake kira TPM 2.0. Na san akwai masu yi mata dabara ta hau tsohuwar na'ura, amma ni ba na son abin da zai tsaya mini ranar da ɗalibai suka yi layi har bakin titi.

Sai na tafi wajen wani injiniya a Wunti, cikin garin Bauchi, ba zan kama suna ba. Ko buɗe ta bai yi ba ya ce, "Oga, wannan ai ƙaramin aiki ne. Bod za ka canja da furosesa, sauran kayanka duk su zauna. Kwana biyu ka zo ka ɗauka." Bod shi ne babban farantin da ake dasa kayan cikin kwamfuta a kansa. Muka yi odar bod B360 da furosesa i5-8400, ƙarni na 8, daga Legas, aka sako a mota.

Tsakani da Allah na'urar da ke gabana yanzu tana gudu. Furosesarta ƙwaƙwalwa shida gare ta maimakon huɗu, ga gurbin M.2 na ɗan siririn diskin nan mai kama da cingam. Fayil ɗin Corel da nake buɗewa in je in sayo ruwa in dawo, yanzu kafin in gyara zama ya fito. A wannan ɓangaren ba ni da ta cewa.

Amma ku ji yadda aka kai nan. Ranar Asabar ina tsaye ya kwance murfin, ya fito da tsohon bod, ya ɗauko sabon ya gwada. Sai na ga ya yi shiru yana juya shi. Sabon microATX ne, ma'aunin da kowa ke bi, ita kuwa akwatin an ƙera ta ne don bod ɗin kamfaninta kaɗai. Ramukan noti biyu ne suka dace. Bayan akwatin, inda kafofin USB da na allo ke leƙowa, ba faranti ne da ake cirewa ba, a jikin ƙarfen aka huda shi. Ya ce, "Oga, sai dai a nemi wata akwati." Na ce to.

Tsugune ba ta ƙare ba. Fawa fak ɗin tsohuwar, wato abin da ke ba ta wuta, filoginsa mai ƙafa 8 ne, sabon bod yana neman mai ƙafa 24. Ya ce akwai wayar da ke haɗa su, amma bai ba ni shawara ba, ga shi ma siririn fawa fak ba zai ɗauru a sabuwar akwati ba. Aka ƙara wannan a lissafi. Fankar furosesa ma haka, filoginta mai ƙafa 5, bod yana da gurbin mai ƙafa 4.

Inda raina ya ɓaci na gaske wajen ram ne, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi. Yaron shagon ya ɗauki ram ɗina yana dannawa a gurbi da ƙarfin tsiya, har na ji bod ya yi ƙara, na daka masa tsawa. Nawa DDR3 ne, bod ɗin DDR4 yake ɗauka, ɗan tsagin da ke tsakiya ma ba wuri ɗaya yake ba. Akwati da fawa fak sai in yi masa uzuri, tunda bai buɗe ba. Amma ram? Mutumin da ya rubuta mini B360 da hannunsa a bayan katin waya? Da na yi magana sai ya ce, "Ai na ɗauka ka sani, oga." Da na sani me zai kawo ni wurinka?

Kwana biyu suka koma tara, a daidai makon da 'yan HND ke miƙa furojet. Kwastomomina na gani da idona suna shiga shagon maƙwabci. Ranar da na ɗauko ta kuma, allona mai tsohon filogin VGA ne, bod ɗin babu wannan kafar, na sake hawa acaɓa neman adafta. Na kunna, sai ga rubutu a kusurwar allo wai a saka lasisin Windows. Ashe lasisin irin waɗannan kwamfutocin a cikin bod ɗin kamfani yake, tun zamanin Windows 8 haka ake yi, ya tafi tare da tsohon. Wannan ma bai faɗa mini ba. Ya ce in kawo ya yi mata "dabara" kyauta, irin dabarar da tun farko na guje wa.

Kada in ci haƙƙinsa: hannunsa na da kyau. Wayoyin ya ɗaure su tsaf, ya shafa wa furosesa sabon mai, ya kwashe mini fayilolin shekara shida ko ɗaya bai ɓata ba, kuma bai ƙara ko sisi a kuɗin aiki ba. Har na fara cewa zan tura masa mutane. Sai da na zauna da biro na tara abin da na kashe, na ga ya haura kuɗin cikakkiyar 'yar Beljiyam ƙarni na 8 da lasisinta a ciki, in kuma bar tsohuwar tana buga takardu a gefe. A cikin tsoffin kayana, had disk da wayarsa kaɗai suka shiga sabuwar.

Sauran suna nan a kwalin indomi a ƙarƙashin tebur. Jiya ya kira ni, bayan gaisuwa ya ce, "Oga, wannan tsohon bod ɗin naka, in ba ka amfani da shi akwai wani kwastoma da ke nema." Na ce masa sai na yi tunani.