Kamfanin da ya yi mana hanyar Japan, da ranar da aka kai mu Yasukuni

Tun da na dawo ake tare ni a Kofar Ruwa da tambaya ɗaya: "Alhaji, mutanen nan da suka yi maka hanyar Japan, a bi su ko a bar su?" Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don akwai inda zan taɓa su. A nan cikin Kano dai ofishinsu yake.

Ni da ɗan yayana muka tafi bayan Babbar Sallar 2025, yaron da ke tsare mini shago. Sayayya ce ta kai mu, injina da giyabos na hannu a yadukan Saitama da Chiba. Kamfanin ya ɗauki nauyin haɗa takardun biza zuwa ofishin jakadancin Japan da ke Abuja, da tikiti ta Addis Ababa zuwa Narita, da masauki, da ɗan jagora mai jin yaren ƙasar.

Biza ta fito ba ja-in-ja, tikiti ma lafiya lau. Masauki ne suka yi mini rufa-rufa. An ce kusa da masallaci, ashe sai ka hau jirgin ƙasa sau biyu. Ɗakin kuwa, in za ka shimfiɗa sallaya sai ka ɗora akwati a kan gado. Abincin halal ɗin da aka yi mana alkawari, burodi da dafaffen ƙwai ya koma. Wannan na rubuta musu shi a littafin bashi.

Abin da na raina tun farko shi ne ya fi amfani. Kwana uku kafin tafiya Hajiyar da ke riƙe da ofishin ta kira mu zaman awa biyu. Na je ina ƙunƙuni, mutumin da ya yi Dubai ya yi Guanzu me za a koya masa? Ta fara da kilishin da na yi oda, ta ce in bar shi a gida, Japan ba a shiga mata da nama. Ta ce fasfo ya zauna a aljihu ko shago za mu leƙa. Ta ce 'yan sandan can suna iya riƙe mutum har kwana 23 kafin a tuhume shi, kuma babu wani "ranka ya daɗe, a duba" da zai yi aiki. Sai ta juyo mana da kwamfuta, ta nuna hoton wani dogon ginshiƙin dutse da aka yi wa rubutu da jan fenti.

"Alhaji, ba don kai na nuna ba," in ji ta. "Don mai wayar nan ne." Yaron nawa ya yi dariya.

Ranar Lahadi yaduka a rufe suke, sai jagoran namu ya ce zai kai mu mu ga wurin da ginshiƙin nan yake da idonmu, wato Yasukuni, wurin bautar addinin Shinto a Tokiyo. Bahaushe ne da karatu ya kai shi can, ya zauna, yana da iyali. Na ce masa, "Malam, me zai kai Musulmi wurin bautar wasu?" Ya ce ba inda ake bautar za mu tsaya ba, harabar za mu ratsa mu shiga gidan tarihi. Muka sauka a tashar Kudanshita, muka ɗan haura, sai ga wata ƙatuwar ƙofa ta ƙarfe, ga ginshiƙin nan a gefenta, an wanke shi tas.

A nan na san kuɗina bai faɗi ba, don mutumin nan bai yi mana kwaskwarima ba. Ya ce an kafa Yasukuni a 1869 zamanin Sarki Meiji, kuma an rubuta sunayen mutum kusan miliyan biyu da rabi da suka mutu a yaƙe-yaƙen Japan. Rigimar da ake yi a kan wurin ta kankama ne da aka shigar da sunayen mutum 14 a 1978, manyan waɗanda aka tuhuma da laifukan Yaƙin Duniya na Biyu, har da Hideki Tojo, firaministan lokacin yaƙin wanda aka rataye a 1948. Sarki Hirohito tun 1975 bai sake taka wurin ba, magadansa ma haka. Da firaminista Shinzo Abe ya je a Disamban 2013, Caina da Koriya ta Kudu sun yi ca, Amurka ma ta ce ba ta ji daɗi ba.

Jan fentin kuma, daren 31 ga Mayun 2024 ne wani ɗan Caina mai neman mabiya a intanet ya hau gindin ginshiƙin, ya yi kamar yana fitsari, ya fesa kalmar da ke nufin ban-ɗaki, aka ɗauke shi a bidiyo. Kafin a ankara ya hau jirgi ya koma gida, kuma Japan ba ta da yarjejeniyar miƙa masu laifi sai da Amurka da Koriya ta Kudu. Wanda hannu ya kai gare shi wani ɗan ƙasarsu ne mazaunin Japan, wanda ya sayo fentin. Kotun Tokiyo ta ɗaure shi wata takwas a Disamban 2024, aka ƙiyasta ɓarnar a kan yen miliyan 4 da dubu 600. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Dokokin biyu ne ake haɗa wa mutum. Ɓarnata dukiya ɗauri ne har shekara uku ko tarar yen dubu 300, wulaƙanta wurin ibada kuma wata shida ko yen dubu 100. Ɗan Koriyar da ya tayar da wani abin fashewa a ban-ɗakin wurin a 2015 ya sha shekara huɗu, don ya dawo da ƙafarsa aka cafke shi a filin jirgin Haneda. Ɗan Cainan da ya cinna wa ƙofa wuta a 2011 kuwa ya tsallaka Koriya, kotun can ta ce laifin siyasa ne, ta ƙi miƙa shi.

Muna cikin wannan bayani na waiwaya, sai ga ɗan yayana ya nufi ginshiƙin, waya a sama, yana neman inda zai jingina ya yi wa mutanen TikTok jawabi. Wani mai gadi ya riga ya kafa masa ido. Malam ya taka da sauri ya riƙo hannunsa, murya ƙasa-ƙasa: "Ƙanina, dawo nan. Kai jibi-jibi ka tafi. Ni a nan 'ya'yana suke makaranta, kuma duk baƙar fatar da ya yi abu, ni mai gidan haya zai kalla." Yaron ya mayar da wayar aljihu, ya ce, "Baffa, wallahi hoto kawai zan yi." Na ce na sani, shi ma wancan da hoto ya fara.

Kada a ɗauka wurin ya burge ni. Gidan tarihin, Yushukan, haushi ya ba ni. Da shigarka ga jirgin saman yaƙin Zero yana sheƙi, ga kan jirgin ƙasan da ya yi aiki a layin dogon Tailan zuwa Bama, layin da ya cinye dubban fursunoni da 'yan ƙwadagon dole, an goge shi kamar kayan lefe. Ni kuwa Bama ba baƙon suna ba ne a gidanmu. Ƙanen kakana yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawa suka kwasa suka kai dajin nan yaƙi da Japan, ya dawo da tarin da bai bar shi ba har kabari. Saboda haka na fahimci zafin ɗan Cainan da sojojin Japan suka yi wa kakanninsa kisan kiyashi a birnin Nanjin a 1937, ko ɗan Koriyar da Japan ta mulki ƙasarsa daga 1910 zuwa 1945. Amma fentin nan bai goge suna ko ɗaya cikin 14 ɗin ba. Ya dai ƙaro masu gadi da kyamarori, ya bar baƙin da ke zaune a ƙasar da kallon banza. Mu da muke rubuta "An hana fitsari a nan" a jikin kowace katanga, badala kuma tana zaizayewa a gabanmu, na tsaya ina kallon yadda dutse ɗaya ya ɗaure mutum wata takwas.

To, a bi su ko a bar su? A bi su, amma ka nemi sunan masauki a rubuce, ka duba shi a taswirar waya kafin ka biya. Ka dage sai an haɗa ka da jagoran nan, kuma in da yaro za ka tafi, ka ja shi zaman Hajiya ko da kuwa ranar kasuwa ce. Da na koma ofis da ƙorafin ɗakin, ba ta yi musu ba, ta mayar mini da kuɗin kwana biyu. Na abinci kuwa ta ce sai Manaja ya dawo daga Umara, yau wata na uku ke nan.