Waldar giyar gaban babur mai ƙafa huɗu: sharhi kan aikin wani gareji a Ƙofar Ruwa

Babur mai ƙafa huɗu yana da amfani ƙwarai ga mai noman shinkafa a yankin Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsa gonaki, domin yana shiga da buhunan taki lungunan da a-kori-kura ba ta isa ta leƙa ba. Nawa Honda FourTrax 300 ne, samfurin da aka yi ta ƙerawa daga 1988 zuwa 2000, mai inji cc 282, kuma na hannu na saye shi. Ƙafafunsa huɗu duka suna ja a kowane lokaci, ba shi da makunnin da ake cire jan tayoyin gaba da shi. Duk da haka, idan marka ta yi nisa laka ta jiƙu sosai, sai a ga taya ɗaya ta gaba tana wulwulawa tana watsa taɓo, ɗayar kuwa, wadda ke kan ƙasa mai ƙarfi, ta tsaya cik. Wannan ne ya kai ni wani gareji a Ƙofar Ruwa cikin Kano, wanda ya haɗa aikin bakanike da na walda.

Dalilin wannan kafewa yana cikin akwatin giyar da ke tsakanin tayoyin gaba, wato diferenshal. An yi shi ne domin tayar waje ta fi ta ciki saurin juyawa idan ana shan kwana, tunda hanyarta ta fi tsawo. Wasu ƙananan giyoyi ne a ciki suke ba da wannan damar, sai dai suna raba ƙarfi daidai wa daida, saboda haka idan taya ɗaya ta rasa abin kamawa, abin da ɗayar za ta samu ba ya wuce na 'yar'uwarta. Masu ƙera wannan samfurin sun sa faifan kuloci a ciki don rage matsalar, amma babur ɗin da ya haura shekara 20 yana aiki, faifansa sun riga sun cinye. A baya babu wannan zance, domin sanda ɗaya ce ta haɗa tayoyin biyu. Waldar da ake magana a kai ita ce a liƙe ƙananan giyoyin su zama dunƙule guda, gaba ya koma kamar baya.

Abin da ya fara burge ni shi ne maigidan garejin bai yi hanzarin karɓar aikin ba. Sai da ya tambaye ni inda nake hawa da irin kayan da nake ɗorawa, sannan ya ce: "Alhaji, idan kana bin kwalta da shi, ina ba ka shawara ka haƙura. In na liƙe shi, babu kwancewa, sai dai ka nemi wani akwatin." Mutumin da ke shirin karɓar kuɗinka ya fara da gaya maka illar aikinsa, wannan ya cancanci yabo. Ya kuma nuna mini wata hanya mai sauƙi, ta canza faifan kuloci a ƙara musu matsi, amma ba a sami faifan a kasuwa ba.

Kan ingancin waldar kanta ba ni da abin cewa sai alheri. Ya sauke akwatin gaba ɗaya, ya tsiyaye man giya, ya fitar da ƙoƙon da giyoyin ke ciki, ya wanke shi tas ya bar shi ya bushe, domin walda ba ta kama ƙarfe mai maiƙo. Ya cire boris ya ajiye gefe don kada zafi ko wutar lantarki ta lalata su, ya naɗe haƙoran babbar giya da jiƙaƙƙen tsumma saboda tartsatsi. Kafin ya ɗiga ko ɗigo ɗaya, sai da ya zura sandunan tayoyin biyu a mazauninsu don ya tabbatar giyoyin suna kan layi, kuma a nan ne ake gane gwani, domin wanda ya yi sakaci da wannan zai gama walda ya tarar sanda ta ƙi shiga. Ya dumama ƙarfen tukuna, ya yi amfani da sandar walda mai lamba 7018, yana ɗiga nan ya juya ya ɗiga ɗaya gefen don kada zafi ya taru wuri ɗaya ya lanƙwasa ƙoƙon. Da ya gama bai tsoma shi a ruwa ba kamar yadda masu gaggawa suke yi, ya binne shi cikin busasshen yashi ya huce a hankali, saboda ƙarfen giya mai tauri ne, sanyin farat ɗaya yana tsaga shi. Daga nan ya kankare ɓawon waldar da ƙaramar guduma da burushin waya, ya sake wankewa har sai da ya shafa yatsa bai ji ƙwayar komai ba.

Garejin yana da nasa gazawar. Aikin ya ja lokaci fiye da alkawari saboda ɗaukewar wuta, kuma ba a kira ni an sanar da ni ba. An so a mayar da tsofaffin robobin da ke tare mai, sai da na nace aka nemo sababbi. Ba su da abin auna ɗaurin noti, da hannu da ƙiyasi suke ɗaurewa, alhali jikin akwatin na alminiyam ne da ba ya jure ɗauri fiye da kima. Abin da ya fi damuna shi ne yaran shagon suna tsaye kan walda ba tare da garkuwar fuska ba, wani ma runtse ido kawai yake yi, kuma na gaya wa maigidansu haka. Kuɗin aikin dai bai kai na sabuwar taya ɗaya ba.

A cikin laka, babur ɗin ya zama wani abu dabam. Mashigar da a da sai an sauke kaya an tura, yanzu yana ratsa ta da giya ta ɗaya ba tare da an matsa masa wuta ba, kuma idan taya ɗaya ta faɗa rami ko ta ɗaga sama wajen hawa bakin magudanar ruwa, ɗayar tana ci gaba da ja. Ga wanda wannan ce kaɗai damuwarsa, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Da zarar an fito kan burji ko busasshiyar ƙasa, sai farashin ya bayyana. Kan babur ya yi nauyi sosai, musamman idan ana tafiya a hankali da kaya a gaba, har kafaɗu su yi tsami kafin yamma. Kwanar da yake sha ta ƙara faɗi, kuma yana son miƙewa ko da an karya kan, domin tayar ciki ba ta da damar rage gudu sai dai ta goge ƙasa. Idan taya ɗaya ta bugi kututture ko dutse, kan yana fizgewa da ƙarfin da zai iya gurɗa wuyan hannu. Saboda haka na hana yara masu tasowa hawansa kwata-kwata, ni ma ba na gudu da shi. Tayoyin gaba suna cinyewa da wuri, sannan duk ƙarfin da akwatin ke sassautawa a da ya koma kan gaɓoɓin sandunan gaba, waɗanda yanzu suke ƙara idan an karya kan har ƙarshe. Kayan gyaran wannan samfurin kuwa ba kullum ake samunsu a Kano ba.

Mai shirin sayen babur domin irin wannan aiki, gara ya nemi wanda aka ƙera da makunnin kulle giyar gaba, kamar Yamaha Grizzly 660 da ya fito a 2002, ko Honda Foreman 500 daga samfurin 2014, waɗanda ake kullewa a bakin taɓo a buɗe idan an fita. Wanda ya riga ya mallaki tsohon babur, ya fara gwada tayoyi masu manyan haƙora, ya rage musu iska, ya kuma duba ko zai sami faifan kuloci. Idan duk waɗannan ba su wadatar ba, kuma babur ɗin a gona yake kwana yake tashi, to zan iya tura shi wannan garejin, da sharaɗin ya je da sababbin robobinsa da man giyarsa, ya kuma tsaya a wurin lokacin da za a mayar da akwatin a ɗaure notuna.