YouGlish da taƙaddamar furucin controversy

Shafin YouGlish yana tattaro gutsattsarin bidiyoyin YouTube inda aka furta kalmar da mutum yake nema, yana kuma ba da damar ware muryoyin Amurka da na Birtaniya. A kan kalmar Turanci controversy, wadda ake yawan musu a kan furucinta, amfaninsa a bayyane yake: Amurkawa suna ƙarfafa gaɓar farko, yayin da mutanen Birtaniya suka rabu, wasu suna bin wannan hanya, wasu kuwa suna ɗora nauyin a kan gaɓa ta biyu. Rauninsa shi ne ba ya tantance ingancin masu maganar, don haka mai koyo yana buƙatar ƙamus a gefe kafin ya yanke hukunci.