Kit ɗin gwaji ko 16S? Ƙanena, kai kuɗinka wajen 16S

Ƙanena, ka tambaya wanne za ka bi don gane ƙwayoyin halittar da ke cikin samfurinka, kit ɗin gwaji ko 16S. Tunda daga filin gishirin Qasab na Saudiyya ka ɗebo shi, ka rabu da kit ɗin gwajin sinadarai. Ka tura a karanta maka 16S, wato yankin DNA da ake gane nau'in ƙwaya da shi.

Na sayi kit ɗin ina digiri na biyu a Jidda, har yau in na tuna sai na yi tsaki. Don ƙwayoyin asibiti aka yi shi, a ruwa mai gishiri kashi 0.85 cikin ɗari ake kaɗa su. Nawa kuwa dangin Halobacterium ne, masu son kashi 20 zuwa 25. Ko Bahar Maliya da gishirinta ya kai wajen kashi 4, salam take a wurinsu. Suna shiga ruwan kit ɗin suka fashe, abin ya koma yauƙi kamar miyar kuɓewa. In irin Halomonas gare ka, masu son matsakaicin gishiri, to zai ɗan cike maka tebur. Iyakarsa ke nan.

16S kuwa ita ta fitar da ni kunya. Na yi wajen sati biyu ina gadin wani faranti a zafin 37, na ƙulle shi a leda kada ya bushe gishiri ya fito masa. Da ɗigo ja ya tsiro, har na rubuta arkiya (rukunin ƙwayoyi ne daban da bakteriya) a littafina, don kowa ya san masu son gishirinsu ja ne launinsu. Na sa firaimar arkiya (guntayen DNA masu kamo yankin da ake nema), 21F da 958R, jel ɗin da ake ganin sakamako a kai ya fito wayam. Malamina, wani dattijo ɗan Sudan, ya ce, "Yaro, gwada ta bakteriya." Da 27F da 1492R sai ga layi ɓaro-ɓaro. Ashe Salinibacter ruber ce, bakteriya mai kwaikwayon arkiya a launi da son gishiri. Ranar ni na sayi shayin kowa a ɗakin gwaji. Don haka ka sayi firaima kala biyun tun yanzu.

Fashewar nan da ta lalata min kit ma riba ce a nan: ka kaɗa ɗigon arkiya a ruwan da aka tace tas, marar gishiri, DNA ta fito a sauƙaƙe. Ban da Halococcus, bangonsa kauri gare shi.

16S ɗin ma tana da nata matsalolin. Haloarcula na ɗauke da kwafin 16S fiye da ɗaya, bambancinsu kan kai kashi 5, sai ka ga zanen sakamakon ya hau kan juna. Nan sai ka ƙara da karanta wani yankin DNA ɗin, rpoB'. Kuma in kamanninta da sanannen nau'i bai kai kashi 98.7 ba, kada ka yi saurin cewa sabo ka gano, sai an karanta duka jinom, wato DNA ɗin ƙwayar gaba ɗaya.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da dillalan WhatsApp masu karɓar samfur su dawo maka da suna kawai a takarda. Wani ya taɓa yi min haka, na nemi fayil ya daina ɗaga waya. Kafin ka ba da riyal ɗaya, ku yi da shi cewa zai turo fayil ɗin ab1 (ainihin sakamakon da na'urar karanta DNA ta fitar), ta gaba da ta baya. Na bakteriya ya kai harafi wajen 1,400 in an haɗa, na arkiya wajen 900. Ka sa a EzBioCloud, shafin intanet da ke kwatanta shi da sanannun nau'o'i, da hannunka. In fayil ɗin ya zo, turo shi nan mu duba tare.