Gargaɗi ga mutanen Bauchi: na biya kuɗin kankare inci 6, ya yi mini inci 2 babu rodi

Assalamu alaikum. Kwana huɗu ina rubuta wannan magana ina gogewa saboda kunya. Yau da safe na sake tsayawa a kan wurin da aka yi mini kankaren, na ga mahaifiyata Hajiya tana leƙowa ta taga ba ta ce komai ba, sai na ce wallahi sai na faɗa, duk abin da za a ce a kaina a ce. Naira 625,000 wani mutum mai kiran kansa injiniya ya karɓa a hannuna a nan cikin garin Bauchi, don ya yi mini dakalin kankare mita 3 tsawo, mita 3 faɗi. Naira 625,000. Abin da ya bar mini ɓawon siminti ne a kan ƙasa.

Mahaifiyata ta yi shekaru tana fama da ciwon gwiwa da ƙugu. Bara muka kai ta Yankari, ta shiga ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke kusan digiri 31 rani da damina, kuma a daren ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. To tafiyar ta wuce kilomita 100, ba za a riƙa jijjiga tsohuwa a mota kowane mako ba. Shi ya sa ni da ƙannena muka haɗa kuɗi muka sayo mata bahon nan mai ɗumama ruwa, wanda ake ce wa jakuzi, na hannu, daga Abuja. Ba don gayu ba, kada wani ya zo yana ce mini almubazzaranci. Don uwata na yi.

Wanda ya sayar mana ya ja mini kunne: kada a ɗora shi a kan daɓen tsakar gida, sai an yi masa kankare na kansa, aƙalla inci 4, in da hali inci 6, da rodi a ciki, kuma ya zama babu karkata. Ni ma na yi lissafina. Bahon yana cin ruwa lita 1,400, kowace lita kilo ɗaya ce. Ka haɗa da nauyin bahon da na mutum, ka doshi tan 2, kamar ka jibge buhun siminti 40 a wuri ɗaya ka bar su dare da rana. Na san wannan tun kafin in haɗu da mutumin. Ina faɗa ne don masu cewa na shiga aikin da ban sani ba. Na sani.

Ranar da ya zo duba wurin ita ce take hana ni barci. Bayan la'asar ne, a sahu ɗaya muka yi salla. Ya shigo, bai fara zancen kuɗi ba. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Hajiya, ya ce, "Hajiya, ina gajiya, yaya ƙarfin jiki?" Muka zaga filin da ke bayan ɗakinta, ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa a tafin hannunsa, ya murtsuke ta, ya ce, "Alhaji, wannan ƙasar tana riƙe ruwa. Sai an kwashe ta sama, a zuba ciko da dutse a daddage, kafin a yi zancen kastin, wato zuba kankaren." Daidai abin da mai bahon ya faɗa mini. Na zaro 20,000 na ce ga na mota, ya mayar mini da hannuna, ya ce, "Haba Alhaji, Hajiya ai uwata ce. Wannan aikin na lada ne." Ya mayar mini da 20,000! Ku gaya mini, wa zai ga haka ya yi zargi? Har yanzu ina ganin ƙasar nan tana zuba ta tsakanin yatsunsa, ina jin "Hajiya ai uwata ce". Mutumin da ya ƙi karɓar 20,000 shi ne ya tafi da 625,000.

Washegari ya kawo lissafi a takarda: siminti buhu 10, rodi mai milimita 12, tsakuwa, yashi, ciko, katako, kuɗin lebura da nasa, jimla 540,000. Na tura 300,000 a ranar. A'a, kafin nan sai da ya kai ni wani gida a hanyar Dass ya nuna mini dakalin tanki ya ce aikinsa ne, na taka, na buga da ƙafa, na ji shi daram. Daga baya na koma gidan, maigadi ya ce bai taɓa ganinsa ba sai ranar da ya zo da ni. To bayan wannan ne na tura 300,000 ɗin. Sauran 240,000 na tura ina Kano, domin tafiya ta kama ni kwana huɗu, kuma shi ne ya ce kada in fasa, "ka je hankalinka kwance, zan riƙa turo maka hoto."

Kuma ya turo. Hotunan suna wayata. Ga rami an haƙa, ga rodi an shimfiɗa an ɗaure da waya gida-gida gwanin kyau, ga buhun siminti 10 an jera jikin katanga, na ƙirga su da yatsana a kan waya. Ranar ta uku ya kira ni da dare ya ce akwai sinadarin hana kankare shan ruwa, dole a sa tunda ruwa zai riƙa zuba a wurin, 85,000. Wannan kuɗin a hannu ƙanena ya kai masa, ba takarda, ba shaida sai Allah. 300,000 da 240,000 da 85,000. Ku haɗa da kanku.

Na dawo na tarar da abu sumul, an goge shi da ruwan siminti yana sheƙi, gefensa kauri sosai. Na sa tef na auna gefen, inci 6 cif. Na auna, jama'a, ba wai na tsaya kallo ba ne. Abin da kawai ya ɗan tsaya mini a rai shi ne da ya ce bayan kwana 5 a ɗora bahon a cika. Ni na san kankare sai an yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Ban bi maganarsa ba, na jira kwana 28 ɗin, ni da kaina nake ba shi ruwa safe da yamma. Ashe ƙasa nake shayarwa.

Muka ɗora, muka cika. Hajiya ta shiga sau uku. Sau uku kacal. A mako na biyu, bayan wani ruwan sama mai ƙarfi, matata ta ce mini ruwan bahon ya fi taruwa gefe ɗaya. Na duba, bambancin ya kai yatsa uku. Da daren ranar muka ji ƙara kamar an karya itace. Da safe tsakiyar dakalin ya lotsa, tsaga ta ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa, gindin bahon ya tsage, ruwan ya malale har ƙofar kicin. Da a ce Hajiya tana ciki fa? Wannan tambayar ce ba na son yi wa kaina.

Na kira wani dattijon birkila da ya yi wa mahaifinmu aiki tun muna yara, wanda da shi ya kamata in fara nema, amma aka ce mini ya tsufa. Guduma ɗaya ya buga a tsakiya, ta shige. Kaurin inci 2 ne, wani wurin bai ma kai ba. Gefen kawai aka yi inci 6 don ido. A ƙasa babu ciko, babu dutse, sai ƙasar da aka haƙo aka mayar, da ɓaraguzan bulo, da buhunan siminti na banza da aka cusa. Rodi ko ɗaya babu. Baba, wato dattijon birkilan, ya ɗauki guntun kankaren ya murje shi da yatsa ya zama gari, ya ce, "Ɗana, kwaɓin kirki buhu ɗaya ne da kwanon yashi 4 da na tsakuwa 8. Wannan ko buhu 3 ba a sa masa ba." Sai daga baya yaron maƙwabcinmu ya ce ya ga an loda rodi da siminti a Keke Napep ranar Juma'a lokacin da maza suka tafi masallaci, ya ɗauka ragowar aiki ce. Wato ya shimfiɗa rodin, ya ɗauki hoto, ya turo mini, ya kwashe kayansa.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin dakalin ya fashe mutumin ya daina ɗaukar wayata, ina ce aiki ne ya yi masa yawa. Da muka same shi ta hannun mai unguwa, a gaban mutane ya ce yaransa ne suka cuce shi, ya rantse zai biya 100,000 ƙarshen wata. Wata biyu ke nan, layinsa a kashe, an ce ya bar gidan da yake haya. Maganar tana hannun hukuma, shi ya sa ban sa sunansa ba tukuna. Amma shaidar tura 300,000 da ta 240,000, da hotunan rodin, da muryarsa yana neman 85,000, da bidiyon Baba yana fasa wurin, duk zan sa su da zarar an ba ni dama. An ce mini ba ni ne na farko ba, akwai wanda ya yi wa haka a dakalin tanki.

Kada ku ba magini kuɗin kaya, ku saya da kanku. Ranar kastin ku tsaya a kai har a gama zubawa. Hoto ba shaida ba ne.

Ƙannena ba su ce mini komai ba, kuma shirun nasu ya fi mini zafi, domin kuɗinsu na cikin bahon da ya tsage. Jiya Hajiya ta kira ni ta ce, "Ka bar shi da Allah, ka daina zuwa wurin kana tsayawa." Na ce to. Amma 625,000 ne, kuma a gabanta ya durƙusa ya ce uwarsa ce.