Buga zanukan zambon Rasha na 1812 a Bauchi: takarda ta yi, leda ba ta yi ba

Ga malaman tarihi da ke son manna waɗannan zanuka a aji, aikin shagunan buga hoto na wajen Wunti ya isa, muddin ka san abin da za ka ce a yi maka.

Zanukan, waɗanda 'yan Rasha suka yi don yi wa Faransawa zambo, sun fito ne bayan Napoleon, sarkin Faransa, ya bar Mosko a watan Oktoba na 1812, yunwa da sanyi suna cin rundunarsa. Ivan Terebenev ne ya fi suna a wannan fage, sai Venetsianov da Ivanov. A kan farantin tagulla suke zana su, asid ya ci layukan, a buga a takarda, sannan a shafa launi da hannu. Shi ya sa layukan sirara ne kamar gashi. Dubi zanen da ake kira miyar hankaka: sojojin Faransa cikin tsumma sun kewaye tukunya, duk zambon yana cikin ramar kumatunsu. Idan layi ya dushe, zanen ya mutu.

Don haka kada ka yarda a buga maka a ledar bana, wato irin wadda ake buga manyan tallace-tallace a kanta, ko da ta fi araha. Injinta na kallon nesa ne, fuskoki sai su dagule. Nemi takarda mara ƙyalli mai nauyin giram 200 zuwa 250, girman A3. A nan shagunan suka cancanci yabo, jan riga da shuɗi suna fitowa tas.

Mafi yawan ɓarna daga hoton da aka kawo ne. A3 na buƙatar kusan fiksel 3500 a 4960. Wanda aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi. Tura shi a matsayin fayil, ko ka kai a filasha.

Inda suke da sakaci shi ne yanka. Mai inji ba ya karanta Rashanci, sai ya ɗauka rubutun ƙasan zanen datti ne ya datse shi, alhali nan maganar zambon take. Ka ce a bar santimita 2 kowane gefe, kuma a fara buga gwaji ɗaya a A4.

Tambayi irin tawadar: ta rini tana koɗewa in rana na dukan bango. Saboda ƙurar hunturu, firam mai gilashi ya fi lamineshan, wanda ke ƙyalli har ɗaliban baya su kasa gani.